Dashe Na Yi Niyya

Bana bazara ta yi tsawo a Damagaram. Duwatsun Birni suna shan rana tun hantsi, su yi ta amayar da zafinta har bayan la'asar. Pampon unguwarmu in an murɗa shi sai ya yi tari ya yi shiru. Kowace yamma hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, mata su kwashe shanya, sannan iska ta zo ta watsa shi. Ana cikin wannan jira makullin moto ɗina, wato babur, ya ɓata.

Ban ce an ɗauke shi ba, ina so a lura da wannan. Na daɗe ina aikin buro, wato ofis, kafin in ajiye, na san nauyin zargin mutum ba hujja. Abin da na sani kawai shi ne, bara na faɗi da moton a yashin hanyar Dogo. Ba ma faɗuwa ba ce sosai, kwanciya muka yi ni da shi a hankali. Amma tun daga ranar matata Hajiya Zuwaira da ɗanmu Laminu suka fara wata magana ƙasa-ƙasa, wadda takan tsaya in na shigo. Laminu ya faɗa mini a fili cewa shekaruna sun wuce na hawa ƙafa biyu. Hajiya kuwa da ido kawai take bin moton, kuma hakan ya fi damuna. Sai ga shi daidai lokacin da nake shirin kai wa yayana Idi irin gero ƙauye, makulli ya yi ɓatan dabo.

Na duba aljihun kowace riga, na ɗaga katifa, na leƙa har cikin butar alwala.

Na ce, "Hajiya, ba ki ga makullin nan ba?"

"Wane makulli, Malam?"

"Makulli nawa gare ni?"

"To ai shi na gani. Ɗaya ne, ɗayan ma ya gagare ka riƙo."

Tana tsince shinkafa ta faɗi haka, ba ta ɗago kai ba. A ganina wanda ba shi da laifi yakan ɗago kai, ko da yake na yarda akwai masu laifin da suke ɗagowa.

Da na ga hadari yana ƙara nauyi, na ji tsoron kada ruwa ya sauka iri yana birni. Na haƙura na ba direban motar kasuwa buhun ya kai wa Yaya Idi. Na dawo na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar gida, na zauna ina jera waɗanda nake zargi a zuciyata, ina bin duk mai shiga da fita da ido. Can sai na lura da yadda na naɗe ƙafa, da yadda na dafe gwiwa da hannu ɗaya ina jan gemu da ɗayan. Zaman Baba ne sak, zaman da ya yi a shekarar da iri ya ɓata.

A shekarar na gama jami'a a Yamai, na koma ƙauyenmu a ƙasar Dogo ina jiran a kira ni aiki. Daminar baya ba ta yi ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, abin da aka samu bai rufe gindin rumbu ba. Kafin zafi ya kankama rumbun ya koma ɗakin ɓera, su ma ɓerayen ina jin ƙaura suka yi.

Ranakun duk iri ɗaya ne. Da asuba Inna da matar Yaya Idi su tafi rijiya, wadda ruwanta ya yi ƙasa har sai da aka ɗaura wa igiya wata igiya. Mu maza mu tafi sharar gona, mu tara kara da ƙaya mu ƙone, kafin rana ta take mu dawo, don ƙafa ba ta iya taka yashin. Daga nan kowa ya nemi inuwa ya kwanta, ba barci ba, kwanciyar tattalin ƙarfi. Fura in an dama, kana iya ganin fuskarka a cikin ƙwaryar. Abinci sau ɗaya ne, da yamma. Wani lokaci garin rogo ne da fataken Kano suke kawowa kasuwa, a kwaɗa shi da ganyen jiga. Wani lokaci jar dawar taimako ce, wadda tuwonta yake zama a ciki kamar an haɗiyi dutse. In duk babu, sai anza. 'Ya'yan daji ne masu ɗacin tsiya, a jiƙa su a yi ta canza ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu, kuma ko sun ciwu ɗacin yakan kwana a maƙogwaro. Har yau in na sha maganin zazzaɓi anza nake tunawa.

Duk da haka akwai gero a gidanmu, kowa ya sani, kuma ba mai taɓa shi. Iri ne. Baba yana da wani gero zango mai dogon kai da ya gada a wurin mahaifinsa, kuma kowace kaka shi da kansa yake bin gona ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika. A wannan shekarar kaɗan ya samu. Ya murje shi da hannunsa, ya cakuɗa da toka saboda gara da ƙwari, ya zuba a jakar kaba ya ɗinke. Ya tara mu ya ce, "Wanda ya ci iri ya ci baɗi." Sannan ya bari sai ranar kasuwa da gida ya watse, ya ɓoye jakar. Da muka dawo ya ce, "Na ajiye shi inda ko ɓera sai ya yi tambaya."

Ya kamata in faɗi wani abu game da Baba a lokacin, cikin ladabi. Ya manyanta. Yakan nemi hularsa tana bisa kansa. In zai kira ni sai ya bi sunayen 'yan gidan duka kafin ya iso kaina, wani lokaci har da na akuya. Mukan yi dariya, shi ma yakan taya mu. Amma a gari an fara cewa lokaci ya yi da zai sakar wa Yaya Idi gandu, wato ikon hawa rumbu, da rabon hatsi, da faɗin ranar shuka. Aikin ƙarfi dama tuni ya koma hannun Yaya Idi. Ikon ne ya rage, kuma Baba ya ji abin da ake faɗa. Kunnensa bai tsufa ba ko kaɗan.

Da hadari ya fara leƙowa, maƙwabta suka soma binne. Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, a bar wa Allah, in ruwa ya zo ya tarar da shi a wurin. Yaya Idi ya durƙusa gaban Baba a ƙarƙashin rumfar karan da yake wuni, ya ce, "Baba, mutane sun fara binne. Ko za a fito da iri?"

Baba ya miƙe ya shiga ɗakinsa. Ya fito ya zaga bayan rumbu. Ya leƙa garken awaki, ya koma ɗaki, ya daɗe. Da ya fito ya dawo kan buzunsa a ƙarƙashin rumfa, ya naɗe ƙafa, ya dafe gwiwa, ya kama gemu.

Ya ce, "An taɓa mini iri."

Yaya Idi ya ce, "Ina ka ajiye shi, Baba?"

"Wanda ya ɗauka ya san inda na ajiye."

Daga ranar rumfar nan ta zama kotu, buzun ya zama kujerar alƙali. Ni aka fara kira, kuma ba zan ce ba dalili ba. Tun dawowata nake cewa zangon Baba yana da jinkirin nuna, damina kuma ta gajarce, gara a karɓo iri mai sauri a wurin ma'aikatan noma. Na faɗi haka fiye da yadda ya kamata, wataƙila har da 'yar Faransanci a ciki. Baba yakan kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman boko a wurinmu, in yana so ya tsokane ni, ko da yake ban taɓa koyarwa a lakwal, wato makaranta, ba.

Ya ce, "Mushe, kai ne ka ce irina ya tsufa."

"Cewa na yi yana da jinkiri, Baba."

"Ni ma haka ake ce mini. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

"A iya sanina ban ɗauka ba."

"A iya saninka? Akwai ɗaukar da mutum yake yi bai sani ba?"

Na ce ban dai tuna na ɗauka ba. Ya ce to ga shi ɗan boko da bakinsa ya ce mantuwa yake yi, amma tsoho ake yi wa gori. Na tashi daga gabansa ina jin kamar ni ne ɓarawon. Ban ɓoye ba, da na koma ɗaki sai da na buɗe akwatina na duba ƙarƙashin littattafai.

Yaya Idi laifinsa ya fi girma a idon Baba. Shi ba ci ake zargin ya yi ba. Zargin shi ne ya sauya wa jakar wuri don a ce tsoho ya rikice, a miƙa masa gandu. Inna kuwa ana zargin ta dake irin ne ta dama wa jikoki kunu a ɓoye. Wata safiya muka ga Baba ya sunkuya ya cusa kai cikin turmi yana neman ƙanshin toka. Inna ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Malam, tun gemunka bai fito ba nake yi maka daka, yau kuma ka koma shinshinar turmi? In ka gama ka matsa, ko in haɗa da kai."

Abin da ban so tunawa shi ne yadda zargin ya bi gidan kamar ƙaiƙayi. Yunwa ba ta barin mutum ya yi wa ɗan'uwansa kyakkyawan zato. Ni na zargi Yaya Idi, don na ga ya cika natsuwa. Shi ya zarge ni, don ya ga na cika rawar jiki. In wani ya yi dariya da ƙarfi sai a dube shi, a ina ya sami ƙarfin? Wata rana ɗiyar Yaya Idi ta yi gyatsa, gidan duka ya yi tsit. Muka shiga tone-tone a ɓoye, kowa ba ya son a gan shi. Na tona gindin rumbu na tarar wani ya riga ni. Na tona kusurwar garke na ci karo da ramin da aka mayar da ƙasarsa jiya. Tsakar gidan nan ba inda ba a taɓa ba, sai wurin da Baba yake zaune, domin ba ya tashi sai salla, kuma ba ɗan da zai ce wa ubansa ya ɗaga a duba ƙarƙashinsa.

Har kaza ta shiga cikin shari'ar. Kaza ɗaya ta rage mana, Baba ya dube ta ya ce ƙibarta ba ta yi daidai da shekarar ba. Ya sa aka yanka ta aka tsaga ƙundunta a gabansa. Aka sami tsakuwa da ɗan dutsen ado na wuya da ya ɓace wa matar Yaya Idi tun bara. Gero ko ƙwaya. Da yamma muka sha romo, naman da muka ci ke nan a bazarar kaf. Inna tana rabawa tana cewa, "Allah ya ƙaro mana bincike irin wannan. Malam, akuyar can ma ban yarda da take-takenta ba."

Ruwa ya zo wata la'asar. Da farko iska ce, mai sanyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani gari. Ta ɗauke rufin rumfar Baba ta jefa shi bayan danga. Sannan aka tsuge. Muka tsaya a ƙofar ɗakuna muna kallon ruwa yana dukan yashi, yashin yana shanyewa kamar ba a zuba ba, sai can ya ƙoshi ya fara gudu. Yara suka fita tsirara suna tsalle. A kowane gida murna ake yi. A namu ba wanda ya dubi wani.

Washegari gari duka ya fita shuka. Tun daga gida kana jin sungumi yana saran ƙasa, maza a gaba suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Yaya Idi ya bi maƙwabta ya roƙo abin da ya samu, wannan ya ba shi tafi ɗaya, wancan rabin ƙoƙo, bai isa kusurwa ɗaya ta gonar ba. Ba rowa suka yi ba, ba su da shi ne. Ya dawo da rana ya tarar da Baba a zaure, inda ya koma da zama tun da rumfa ta faɗi, buzun kuma yana shanye a kan danga. Ina wurin. Yaya Idi ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, in mantuwa ce ka faɗa. Ba abin kunya ba ne. Sai mu taru mu tuna tare."

Baba ya dube shi ya ce, "Ranar da aka haife ka Talata ce, ana yayyafi, ungozoma ta zo da takalmi ɗaya. Ni za ka koya wa tuna abu?"

Yaya Idi ya ce shi ba zai zuba ido yara su mutu baɗi ba. In an sauko Juma'a zai kira baffanmu da liman a zauna a kan maganar gandu. Bai ɗaga murya ba. Baba ya juya fuska bango. A ranar na fara tunanin wataƙila shi kansa ya san gaskiya tun ran farko, tsoro ne ya hana shi faɗa. Ban tabbata ba. Har yanzu ban tabbata ba.

Kafin Juma'ar aka ƙara samun yayyafi. Da safe Inna ta fito da tsintsiya, ta tsaya a inda rumfa take a da, ta kira shi da muryar da take kiransa cin abinci.

"Malam, zo ka gani. Wurin zamanka ya yi gashi."

Muka fito duka. Daidai inda buzun yake shimfiɗe kullum, inda aka yi mini tambayoyi, inda aka yanke wa kaza hukunci, ga tsiron gero nan kore shar, a cunkushe kamar gashin buroshi, faɗinsa bai wuce faifai ba. A nan ya binne jakar, ya shimfiɗa buzu a kai, ya zauna yana gadinta bazara guda yana neman ɓarawo.

Dariya ta taso mini, na danne ta har cikina ya yi ciwo, ciki ba komai dariya ma wahala ce. Baba ya tsaya yana kallon tsiron, fuskarsa ta yi wani iri, kamar wanda aka kwance wa zani a kasuwa. Yaya Idi ya buɗe baki zai yi magana. Inna ta riga shi.

Ta ce, "Ashe dashe ka yi niyya, Malam. Shi ya sa ka hana a yi binne."

Dashe kowa ya san shi a wurinmu. In gero ya fito da yawa a rami ɗaya akan cire wasu a kai inda bai fito ba. Amma ban taɓa jin wanda ya dasa gona guda ba, kuma ban ji Baba ya hana binne ba. Baba ya dubi Inna, ya dubi tsiron, ya gyara tsayuwa, ya kai hannu gemu.

Ya ce, "To da me kuke tsammani? Shekara irin wannan a watsa iri a busasshiyar ƙasa, zabi da zafi su cinye? Dashe na yi niyya."

Yaya Idi ya ce, "To kazar fa, Baba?"

"Ba ku ci ba?"

Nan dariyar ta ɓalle. Matar Yaya Idi ta ruga ɗaki da gyale a baki. Yaya Idi ya zauna a ƙasa yana yi har da hawaye, kuma ban san ko duka hawayen na dariya ne ba. Baba bai yi dariya ba, ya ce a kawo hauya, rana tana yi.

Muka tone jakar a hankali. Kabar ta riga ta ruɓe. Na sama ya tsira, saiwoyinsa sun sarƙe kamar zare. Na tsakiya ya kumbura ya fara fasa baki. Na ƙasa ya lalace, yana warin tsami, wannan Inna ta wanke ta shanya, daga baya muka sha shi a kunu. Wanda ya kumbura muka ruga da shi gona a ranar, muka shuka tun ƙasa da danshi. Wanda ya tsira muka warware shi da yatsa muka baza a wani fili bayan gida, aka kewaye da ƙaya, ana ba shi ruwan wanke-wanke safe da yamma. Baba ya mayar da buzunsa bakin wurin, yana korar awaki, yana ba duk mai wucewa labarin dabarar da ya yi.

Da tsiron ya kai taƙi, muka jira ranar da gari ya lumshe ana yayyafi. Muka cire shi dami-dami, muka datse kan ganyen, muka ɗauka a ka zuwa gona. Ba mu da abin da za mu ciyar da 'yan gayya, saboda haka ba mu kira kowa ba. Amma labari ya riga ya zaga, mutane suka zo kallon gonar tsohon da ya zauna a kan irinsa kamar kaza a kan ƙwai. Da suka gaji da tsokana suka naɗe wando suka shiga. Ɗaya ya sara rami, ɗaya ya sa tsiro, ɗaya ya danne da diddige. Ruwa yana bin bayan wuyana, yatsuna sun yi fari sun yamushe, bayana kamar zai karye, yunwa tana sa ni ganin duhu in na miƙe da sauri. Wani abokin wasan Baba ya ɗaga murya ya ce, "Malam Haruna, baɗi ka zauna mini a kan gyaɗata mana." Baba ya ce, "Zaman ba na kowa ba ne, sai mai albarka."

Kwanakin farko dashen ya kwanta, ya yi rawaya, na ce a raina mun yi wahalar banza. Wasu sun mutu, ba kaɗan ba. Sauran suka miƙe. Ruwa bai yanke ba a shekarar, har gero ya yi ciki ya fid da kai. Ranar da Inna ta gasa mana tumun farko, na murje shi a tafina na hura ƙaiƙayin na watsa a baki da zafinsa, ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, har a gidajen cin abincin Yamai. Rumbu bai cika ba, amma ya kai mu nesa, kuma zangon Baba bai ɓata ba.

Ba a kira baffa da liman ba. Bayan girbi, ranar da za a fara fid da hatsi, Baba ya tsaya gindin rumbu ya dubi tsanin, ya ce gwiwarsa tana damunsa, Idi ya hau. Gwiwa ya ce, kuma kowa ya riƙe gwiwar. Inna ce ta kafa doka ɗaya, cewa daga yanzu iri gida biyu za a riƙa raba shi, mutum biyu su san inda yake. Shi ya sa har yau rabin irin gidanmu yake kwana a wurina a birni, a cikin jarka mai murfi, in damina ta matso in juye a buhu in kai. Maganar kuma ta zauna a gidanmu. Duk wanda ya bar tukunya ta ƙone, ko ya tafi masallaci da takalmi wari-wari, sai a tambaye shi ko dashe ya yi niyya.

Akwai abin da nake zargin Inna da shi, Allah ya jiƙanta. Maganar nan ta zo mata da sauri ƙwarai. Ita take shara kullum, kuma tsiro ba ya kai tsawon da muka gani a safiya ɗaya. Ina jin ta gan shi tun jiya, ta yi shiru, ta wuni tana neman abin da za ta faɗa wanda zai bar wa mijinta hularsa a ka. Na taɓa tambayarta bayan shekaru. Ta ce in ba ni da aikin yi in je in ɗebo mata ruwa.

Bana ruwan ya sauka kwanaki kaɗan bayan na aika buhun. Duwatsu suka yi tururi, kwatoci suka cika, unguwa ta yi ƙanshin ƙasa. Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Yaya Idi ne, shi ma yanzu ya tsufa, ba ya ji sosai, saboda haka ihu yake yi a waya kamar yana kiran mutum daga wata gona.

Ya ce, "Sani, iri ya iso lafiya, muna gona. Amma wannan sabon irin da ka haɗo da shi, rami nawa ake ba shi?"

"Wane sabon iri, Yaya?"

"Mai ɗan zobe da igiyar fata. Saura kaɗan jikata ta rufe shi da diddige. Ko dashe ka yi niyya?"

Na ji dariyar mutane a bayansa, gona guda.

Ina da wata ɗabi'a, ba zan musa ba. In akwai abin da nake tsoron in manta, nakan haɗa shi da makulli, don kada in iya fita ba tare da shi ba. Mai yiwuwa ne na jefa makullin cikin buhun saboda haka. Ina jin ma kamar na tuna na yi, ko da yake yana iya zama bara nake tunawa. Sai dai Hajiya ce ta ɗinke bakin buhun, wannan kuma ba zargi ba ne, a gabana ta yi. Ko ta ga makullin a ciki ta ɗinke a kansa, ko ma wani hannu ne ya sa shi, Allah ne masani.

Na ce wa Yaya Idi ya ba direba ya kawo mini. Ya ce ba ya jin abin da nake faɗa. Na maimaita da ƙarfi. Ya ce to, zai aiko bayan girbi, in ya yi 'ya'ya a raba.

Na ajiye wayar. Laminu, wanda ban san yana tsaye a bayana ba, ya ce ran Asabar ba ya aiki, in ina so sai ya kai ni ƙauyen a motarsa in ga shuka. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Hajiya tana bakin murhu tana fifita wuta.

Na gyara zama, na ce, "Dama na yi niyyar in huta da moton nan bana. Shi ya sa na aika makullin can, kada ya riƙa ja na."

Hajiya ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Haka ne, Malam. Ai mun san dabara ce."